Daga Kano zuwa Kumasi da tsinken auduga: gwajin DNA na tsatson uba da na saya

A gidanmu da ke cikin birnin Kano akwai wata magana da na tashi ina ji tun ina makarantar allo: wai muna da 'yan'uwa a Gwanja. Kakan kakana da ƙanensa fatake ne, masu bin ayarin goro. Su ɗauki kanwa da turkuɗi su nausa yamma, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa Borgu har Salaga, su juyo da goro a kan jakuna. Wata shekara wan ya dawo, ƙanen ya zauna can ya yi aure. Da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892, zuriyarsa suka bi sauran fatake kudu, daga baya suka yada zango a Kumasi. Wasiƙu na ajami sun ci gaba da zuwa jefi-jefi har 1969, shekarar da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu wa'adin barin Ghana. Daga nan shiru.

A 2022 na sa hoton ɗaya daga cikin wasiƙun nan a Facebook. Bayan kwana biyu wani saurayi daga unguwar Aboabo ta Kumasi ya yi mini magana, ya ce kakansa yana raye, kuma shi ma labarin da yake ba su ke nan, har laƙabin madugun da ya ja ayarin ɗaya ne. Muka zauna muna jera sunaye ta waya. Sunaye biyu na can sama suka yi daidai, na uku ya saɓa. To mu Hausawa ba mu da sunan gida guda da ake gada kaka da kakanni. Kowa sunansa da na ubansa, ko na garinsu, kuma Muhammadu da Abubakar sun cika kowace zuriya. Ga shi a gidajen fatake akwai barori da yaran gida da 'ya'yan riƙo, waɗanda duk sunan maigida suke amsawa. Tambayata ɗaya ce: mu da mutanen Kumasi uba ɗaya muka fito, ko gida ɗaya kawai kakanninmu suka zauna?

Na ɗauki watanni ina karatu kafin in kashe sisi, kuma abin da na fara ganewa shi ne gwajin DNA ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka fi tallatawa, irin na AncestryDNA da MyHeritage, yana duba gadon da mutum ya kwaso daga uwa da uba baki ɗaya, ya ce kaso kaza daga yanki kaza. Yana iya nuna cewa ku dangi ne, amma ba zai faɗa maka ta wace ƙofa ba. A zuriyar da auren zumunci ya yi yawa kamar tamu, dangantakar tana iya zuwa ta wajen wata goggo da aka kai aure shekara ɗari da suka wuce. Abin da nake bukata shi ne wanda ke bin zaren gadon da ake kira Y. Namiji ne kaɗai ke ɗauke da shi, uba ya miƙa wa ɗa, ɗa ya miƙa wa jika, ba ya gaurayuwa da na uwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Mace ba ta da shi. Idan 'yar'uwa ce mai son binciken, sai ta nemi mahaifinta, ko ɗan'uwanta uba ɗaya, ko baffanta. Kawunta na wajen uwa ba zai yi ba, ɗan da ta haifa ma ba zai yi ba, don shi na gidan ubansa ya ɗauko.

Masu sayar da irin wannan ba su da yawa. Ancestry sun daina yinsa tun 2014. 23andMe suna gaya wa mutum babban reshen da ya fito a bishiyar zuriyar mazajen duniya, amma ba sa haɗa shi da wasu ta wannan zaren. African Ancestry suna da nasu mai suna PatriClan, wanda aka tsara don baƙaƙen Amurka da cinikin bayi ya raba da asalinsu, ya ce musu ga ƙasa ga ƙabila. Wannan buƙata ce mai nauyi kuma ina girmama ta, sai dai ni na san garinmu, na san unguwarmu. YSEQ da ke Berlin suna da arha ga wanda ya riga ya san abin da yake nema, yana so a duba masa alama ɗaya ko biyu. Na tsaya a kan FamilyTreeDNA, kamfanin da Bennett Greenspan ya kafa a Houston ta jihar Texas a 2000, saboda dalilai biyu. Su ke da rumbu mafi girma na mazan da suka yi gwajin Y, kuma suna ajiye samfurin mutum shekaru masu yawa, ta yadda za ka fara da ƙaramin gwaji, daga baya ka ƙara kuɗi a zurfafa ba tare da an sake ɗibar komai ba.

Kala uku suke sayarwa. Lokacin da na duba a 2023, Y-37 dala 119 ne, Y-111 dala 249, Big Y-700 kuma dala 449, ban da kuɗin aike. Suna yin ragi sau da yawa a shekara, musamman a Afrilu da Yuni da Nuwamba, don haka kada ka yi gaggawa. A lokacin katin naira ba ya biyan komai a ƙasar waje, sai ƙanena da ke karatu a Ingila ya biya, aka kai kwalin wurinsa, ya taho da shi da ya zo hutun sallah. Haka kuma aka mayar, hannu da hannu. Wanda ke da mai zuwa da dawowa, wannan hanya ta fi kwanciyar hankali.

Bambancin kala ukun nan shi ne abin da ya fi ba ni wuya, har sai da na kwatanta shi da abin da na sani. Y-37 da Y-111 suna ƙirga wasu wurare ne a jikin zaren inda rubutun gado ke maimaita kansa, abin da suke kira STR. Kamar a ba ka carbi talatin da bakwai a ce ƙirga ƙwayoyin kowanne: wannan 13, wancan 24, na gaba 15. Ɗa yakan gaji lissafin ubansa, amma lokaci-lokaci ƙwaya ɗaya ta ƙaru ko ta ragu, kuma tana iya komawa yadda take bayan 'yan zuriyoyi. Shi ya sa mutum biyu da ba su haɗa komai ba a kusa suke iya yin kama ta hanyar dace. Big Y kuwa yana karanta miliyoyin haruffa ne yana neman abin da suke kira SNP. Wannan kamar littafin fiƙihu ne da ake kwafa da hannu. Ran da wani magatakarda ya sauya harafi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa zai ɗauki sauyin, almajiran almajiransa ma haka. In ka tara kwafi goma, da waɗannan sauye-sauyen za ka gane wa ya kwafa daga wa. A ƙiyasin masu harkar, sabon sauyi irin wannan yakan bayyana kusan duk shekara 80 zuwa 100 a layin mutum, don haka yana aiki kamar agogo, ko da yake agogo ne mai ɗan gaba da baya.

Na fara da Y-37 a kaina ni kaɗai, kuma nan ne na yi kuskure. Bayan mako biyar sakamako ya fito. Na buɗe shafin da ke nuna waɗanda muka yi kama, babu ko mutum ɗaya a matakin 37. A matakin 12, wato in wurare 12 kaɗai aka duba, akwai 'yan ƙalilan daga ƙasashe masu nisa, irin kamar da tushenta zai iya kai shekara dubbai. Ba laifin gwajin ba ne. Yawancin waɗanda suka cika rumbun nan zuriyar Turai ne, masu neman wanda suke suna ɗaya da shi. Mutanenmu ba su shiga ba tukuna. Duk Bahaushen da ya sayi gwajin nan shi kaɗai yana jiran dangi su faɗo masa daga sama, mai yiwuwa ne ya daɗe yana jira. A wurinmu gwajin Y na mutum biyu ne: kai ne za ka kawo wanda za a gwada ka da shi.

Abu ɗaya da sakamakon farko ya ba ni shi ne sunan babban reshe, R-M343, wato R1b. Na duba na ga shi ne reshen da ya fi yawa a yammacin Turai, kuma gaskiya na kwana da abin a raina. Sai daga baya na fahimci cewa akwai wani ɓangare nasa mai suna V88 da ya daɗe da rabuwa da na Turawan yamma. Binciken da Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka fitar a 2010 ya nuna cewa V88 ya yawaita a tsakiyar Sahel, musamman tsakanin masu magana da harsunan Cadi, dangin harsunan da Hausa ke ciki. A wasu ƙananan al'ummomi na duwatsun arewacin Kamaru kusan duk mazajensu shi ne, kuma an same shi sosai a Hausawan Najeriya da na Sudan. Masu bincike suna danganta yaɗuwarsa da zamanin da Sahara ke kore, tana da tafkuna da ciyawa, sama da shekara 5,000 da suka wuce. Saboda haka ba Bature ba ne a bayan ɗaki. Zuriya ce da ta riga birnin Kano da ganuwarsa zama a wannan yanki. Kuma ba duk Bahaushe ne V88 ba. Da yawa E-M2 ne, reshen da ya fi kowanne yawa a Afirka ta Yamma, wasu kuma wasu rassan daban. Babu reshen da ya fi wani Hausanci.

Nan zan ɗan tsaya, don na sha samun tambayar. Gwajin nan ba ya ba da takardar sharifta, ba ya tabbatar da Bayajida, ba ya cewa kai Bafulatani ne ko Babarbare. Layi ɗaya tak yake bi cikin ɗaruruwan kakanninka. Idan ka koma baya zuriya biyar kana da kakanni 32, shi kuwa labarin ɗaya daga cikinsu kaɗai yake bayarwa.

Da na gane kuskurena sai na sayi Y-37 guda biyu a ragin Nuwamba, ɗaya na dattijon Kumasi, ɗaya na Baffa, yayan mahaifina, wanda ya haura tamanin kuma shi kaɗai ya rage a cikinsu. Da na sani tun farko, da Baffa zan fara ba da kaina ba. Shi ya fi ni kusa da kakan da muke nema, kuma ni in Allah ya so ana iya samuna gobe.

Na same shi a zaure bayan la'asar na yi masa bayani. Ya daɗe yana juya kwalin a hannunsa bai ce komai ba. Can ya ce, "To ɗana, in aka auna aka ga ba ɗaya ba ne fa? Za ka je ka ce da mutumin nan ba ɗan gidanmu ba ne?"

Na ce, "A'a Baffa, ba zan faɗa ba."

Ya ce, "In kuma ni da kai ne ba mu zo ɗaya ba?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba sai da ya faɗa. Gwada baffa da ɗan ƙanensa ba wasa ba ne, don abin da zai fito ya shafi mutuncin matattu waɗanda ba za su tashi su kare kansu ba. Ya tuna mini da hadisin da ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, da kuma wanda ya lissafa sukar nasaba cikin al'amuran jahiliyya. Muka yi alkawari a wurin: duk abin da ya fito, in alheri ne a faɗa, in akasinsa ne ya tsaya tsakanina da shi, kuma ba za a taɓa shigo da shi maganar gado ko aure ba. Irin wannan sharaɗin na gaya wa jikan Alhaji, wato dattijon Kumasi, ya karanta masa, ya kuma amince da bakinsa kafin a aika kwalin. Wanda ba zai iya riƙe irin wannan sirrin ba, ina ganin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ɗibar samfurin ba ta da wuya, kuma wannan na cikin abin da na yaba. Ba tofa yawu ake yi a kwalba ba, abin da ke wahalar da tsofaffi masu bushewar baki. A cikin kwalin akwai tsinke biyu masu kan auduga, da ƙananan kwalabe biyu masu ruwan magani, da takardar amincewa da ambulan. Ana goga tsinken a cikin kumatu kusan minti ɗaya, a karya kansa a cikin kwalbar a rufe. Sharaɗin shi ne kada a ci ko a sha komai na awa guda kafin nan. Matsalar Baffa goro ce, bakinsa ba ya rabuwa da shi. Sai na kwana a gidan, muka dawo daga sallar asuba tare, tun bai kai hannu aljihu ba na zaunar da shi a kan buzunsa. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya buɗe baki, na riƙe haɓarsa da hannun hagu ina gogawa ina ƙirge a zuci. Ina jin hucin numfashinsa a yatsuna. Da na gama na biyu na rufe kwalbar, ya miƙo hannu na zuba masa farin goro guda da na tanada. Ya ɓare ya ce, "Allah ya sa mu ji alheri."

Ni da Baffa muka zo daidai a duk wurare 37. Na yi hamdala ban gaya wa kowa dalili ba. Na Alhaji ya biyo baya da mako uku, kuma ranar ne karon farko da shafin nan ya nuna wani suna da ba na gidanmu na Kano ba a matakin 37: wuri 35 daidai, biyu sun saɓa da ƙwaya ɗai-ɗai. Kamfanin yana lissafa mutane a matsayin masu kama a wannan mataki in saɓanin bai wuce huɗu ba. Wannan ya isa a ce tsatso ɗaya ne. Bai isa a ce yaushe ba. Kakan da muka haɗa zai iya zama na zamanin ayarin goro, zai kuma iya zama wanda ya riga shi da shekara ɗari uku, tunda fataken unguwa ɗaya sukan kasance dangi ne tun asali.

Nan ne na tsallake Y-111. Ra'ayina shi ne a yanayinmu matakin tsakiya bai cika biyan kuɗinsa ba. Amfaninsa shi ne tace jerin mutane masu yawa, mu kuwa ba mu da jerin da za a tace. Kuma duk wuraren nan 111 suna cikin Big Y-700. Na jira ragi na gaba, muka haɗa kuɗi da 'yan'uwa biyu, don dala ta riga ta haura naira dubu, aka ɗaga na Baffa da na Alhaji zuwa Big Y a kan samfurin da ke ajiye. Ba a sake damun tsofaffin ba. An ɗauki kusan wata uku.

Abin da ya fito ya gamsar da ni fiye da yadda na zata. An tabbatar da V88, aka gangara ƙasa da shi rassa da yawa, sannan aka sami wasu sauye-sauye da su biyun kaɗai ke da su cikin duk waɗanda aka taɓa gwadawa a wurin. Idan haka ta faru kamfanin yakan buɗe sabon reshe a bishiyar, ya ba shi lamba. Yanzu akwai wani ƙaramin reshe a jikin bishiyar mazajen duniya da mutum biyu ne kawai a kansa, ɗaya a Kano ɗaya a Kumasi. Akwai wani shafi nasu mai suna Discover da ke ƙiyasta lokacin da kakan reshe ya rayu. Namu ya faɗo a farkon shekarun 1800, da tazara mai faɗi gaba da baya. Ba ya ba da suna, ba ya ba da shekara guda. Amma ya zauna daidai inda labarin tsofaffi ya ajiye shi, kuma ya kore yiwuwar cewa kamar ta can da ce.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai saye ya sani. Shafin duk da Turanci yake, cike da lambobi, kuma ba ya riƙe hannun sabon shiga. Abin da ya taimake ni shi ne ƙungiyoyin sa-kai da ke cikinsa, kyauta ne shiga, akwai na masu reshe ɗaya, kuma masu kula da su sun amsa tambayoyina da haƙuri. Na biyu, sirri. A 2019 ya fito fili cewa kamfanin yana barin hukumar FBI ta yi amfani da rumbunsa wajen binciken manyan laifuka, kuma tun daga nan akwai maɓallin da mutum zai kunna ko ya kashe a kan wannan. 23andMe kuma an yi musu kutse a 2023 aka kwashi bayanan mutane kusan miliyan 7, sannan suka shiga kotun fatara a 2025. Zaren Y ba naka ba ne kai kaɗai, na 'yan'uwanka maza ne da 'ya'yansu. Ni na sa haruffa a madadin cikakkun sunayen tsofaffin, na kuma bi saitin ɗaya bayan ɗaya na rufe abin da ban yarda da shi ba.

Da wani zai tambaye ni yau me zai saya, zan fara tambayarsa wa zai gwada kansa da shi. In akwai gida biyu da ake zaton tushe ɗaya, Y-37 guda biyu, a kan mafi tsufa a kowane gida, lokacin ragi. In sun zo kusa, a ɗaga su zuwa Big Y. In babu kowa, kuma abin da ake so shi ne sanin tsohon reshe, to a tara kuɗi a tafi Big Y kai tsaye, don Y-37 shi kaɗai hasashen babban reshe kawai zai bayar. Ina kuma da wani dalili na son mutanenmu su yi Big Y. A 2013 aka sanar da gano reshe mafi tsufa da aka sani a bishiyar, A00, ta dalilin samfurin wani baƙar fata ɗan Amurka da danginsa suka aika wannan kamfani, daga baya aka sami irinsa a mutanen Mbo na Kamaru. Ɓangaren Afirka na bishiyar nan har yanzu da sauran gurabe masu yawa, kuma duk wanda ya shiga yana sauƙaƙa wa na bayansa.

Ranar da na kai wa Baffa labari, ya sa na kira Kumasi a bidiyo. Tsofaffin biyu suka daɗe suna gaisawa, wannan ya ce "Yaya", wancan ya ce a'a shi ne ƙane, har sai da aka lissafa shekaru da zuwan Sarauniyar Ingila Kano a 1956 da samun 'yancin Ghana a 1957, aka ga Baffa ne babba. Alhaji ya ce akwai wani gida a Kete Krachi da mahaifinsa ke kai ziyara duk shekara, yana kiransu 'yan'uwa, amma bai taɓa jin ta inda aka haɗu ba. Jikansa ya yi alkawarin zuwa bayan sallah ya nemi dattijon gidan ya yi masa bayani, da sharaɗin nan na Baffa. Kwali na huɗu yana wurin ƙanena a Ingila, yana jiran amsarsu.